Daga saran daji zuwa takardar gwamna: yadda mallakar ƙasa ta sauya a Keffi



Duk wanda ya bi hanyar Keffi zuwa Abuja a 'yan shekarun nan ya ga abin da muke gani. Gonakin da muka taso muna wucewa, inda ake noman doya da dawa da gyaɗa, yanzu duwatsun safiyo ne a jere, sai katangar bulo mai layi uku, sai allon da aka rubuta gargaɗi a kai cewa wannan fili ba na sayarwa ba ne. Da wuya a sami gidan da ba shi da nasa labarin. Wani an sayar masa da fulotin da aka riga aka sayar wa wani. Wani yayansa ya sayar da gonar gado ba da sanin sauran magada ba. Wani kuma kakansa ne ya ba baƙo aron gona, yau jikokin baƙon sun ce tasu ce. Idan magana ta kai kotu, sai mutum ya ji lauya yana cewa a dokar Najeriya ba ƙasar ya mallaka ba, izinin zama a kanta yake da shi. Sai ya riƙe baki, domin bai taɓa jin haka ba.

Wannan magana tana da tarihi, kuma garinmu yana cikin tarihin tsundum. Dokoki uku ne ke kwance a kan kowane fili a ƙasar Keffi: al'adar da aka gada, da shari'ar Musulunci, da dokar gwamnati. Yawancinmu da biyun farko muke ciniki, amma ranar da rigima ta tashi dukkan ukun ake buɗewa. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya, mu ga yadda kowace ta zo.

Lokacin da ƙasa ta fi mutane yawa

Kafin a kafa garin, wannan yanki mazaunin al'ummomi ne da yawa: Gwandara, Gbagyi, Gade, Yeskwa, Afo, Mada, Koro da sauransu. Kowace tana da nata tsari, amma sun yi tarayya a abu ɗaya. Ƙasa ta dangi ce da gari, babban gida ko sarkin ƙauye ne ke lura da ita, shi ke nuna wa mai bukata inda zai sara. Wanda ya sare daji ya mai da shi gona, gonar ta zama tasa da 'ya'yansa muddin suna nomawa. Iyaka kuwa itace ne, ko rafi, ko suri, ko kunyar da kowa ya san wanda ya ja ta.

A farkon ƙarni na 19 Abdu Zanga, Bafulatani daga ƙasar Katsina, ya kafa Keffi, garin kuma ya zauna ƙarƙashin Zazzau, kamar yadda Jama'a da Nasarawa suka zauna. Keffi ta bunƙasa saboda tana kan hanyar fatake da ta haɗa Kano da Zariya da bakin Binuwai. Bajamushe matafiyi Gerhard Rohlfs ya yada zango a nan a 1867, ya kuma ba da labarin kasuwar garin da cinikin hauren giwa. A wancan zamani ba ƙasa ce dukiya ba, mutane ne dukiya. Daji ya yi yawa, hannun noma ya yi kaɗan. Mai arziki shi ne mai jama'a, kuma gaskiyar tarihi ita ce manyan gandaye da rinji na masu sarauta da attajirai da ƙarfin bayi aka noma su, bayin kuwa da yawa daga ƙauyukan kewaye aka kamo su.

Tun da ƙasa ba ta yi ƙaranci ba, sayar da gona bai zama ruwan dare ba. Baƙo in ya zo, mai masaukinsa zai kai shi wurin mai unguwa ko dagaci a nuna masa wuri, shi kuma ya riƙa kai gaisuwa da dami bayan girbi. Hanyoyin da gona ke barin hannu zuwa hannu sanannu ne, har yau muna amfani da sunayensu: gado, kyauta, aro, jingina, haya, sannan saye. Babu takarda. Shaidu su ne takarda, dattawan unguwa su ne rajista. Wannan tsari ya yi aiki ne saboda kowa ya san kowa, kuma wanda aka hana nan zai iya matsawa gaba ya sari wani dajin.

Abin da malaman fiƙihu suka shimfiɗa

A fada da kotun alƙali kuwa, fiƙihun Malikiyya ne ma'auni, daga littattafai irin su Risala da Mukhtasar da Tuhfa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi guda a kan ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan ƙasar da ba ta da mai ita, kamar rayar da ita da noma ko gini, ko shugaba ya yanka masa. A wannan fiƙihu ne kuma aka tsare hurumi, wato wurin da aka keɓe don amfanin kowa, kamar makiyaya da maƙabarta da mashaya, wanda ba wanda ya isa ya mai da shi nasa.

Hukunce-hukunce uku daga wannan fanni suna raye a kotunanmu har gobe, kuma ya kamata kowa ya san su. Na farko rabon gado: gona da gida suna cikin abin da ake rabawa, mace tana da kasonta, 'ya tana samun rabin abin da ɗa ya samu, matar mamaci tana samun ɗaya bisa takwas idan akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu idan babu. Na biyu shuf'a: idan mutane suna tarayya a gida ko gonar da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da damar biyan kuɗin ya karɓe. A mazhabar Malik wannan dama ta abokin tarayya ce, ba ta maƙwabci ba. Na uku hauzi: idan bare ya riƙe wuri shekara 10 yana gini ko noma kamar nasa, mai wurin yana gari yana gani, ba abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to ba za a saurari ƙararsa ba daga baya. Tsakanin 'yan'uwa wa'adin ya fi haka tsawo sosai. Hauzi kuma ba ya cin aro ko jingina ko haya, in dai an tabbatar da cewa ta wannan hanya wurin ya shiga hannun mutum. Matsalar ita ce tabbatarwar, bayan shaidun duk sun kwanta dama.

Ranar 3 ga Oktoba 1902 da abin da ya biyo baya

A shekarar 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi ragamar Arewa daga Kamfanin Neja, Lugga ya zama babban kwamishina. Tun a shekarar ya fitar da doka cewa wanda ba ɗan ƙasa ba ba zai sami fili ba sai da yardarsa. A 1902 aka ƙara wasu biyu: ɗaya ta mai da filayen da kamfanin ya ce ya samu ta yarjejeniya suka zama na sarautar Ingila, ɗayar ta ba gwamnati iko a kan ƙasar da ba kowa a kai da kuma ƙasar sarkin da aka ci da yaƙi ko aka tuɓe.

A wannan shekarar ce, ranar 3 ga Oktoba, Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a Keffi, ya kashe Razdan Kyaftin Moloney, Baturen da kabarinsa ke kan dutsen da har yau ake kira da sunansa. Magaji ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugga ya riƙe wannan a matsayin babbar hujjarsa ta kai yaƙi. Kano ta faɗi a watan Fabrairu 1903, Sakkwato a watan Maris, sannan a watan Yuli aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da Magaji suka rasu.

Muna yawan ba da wannan labari ta fuskar jarunta, amma yana da wata fuskar da ta shafi gonakinmu. A jawabin da Lugga ya yi a Sakkwato cikin watan Maris 1903, ya shaida wa manyan gari cewa duk ikon da sarakuna suka samu ta hanyar yaƙi yanzu ya koma hannun Turawa ta hanyar yaƙi, har da iko a kan ƙasa, kuma in gwamnati na bukatar fili za ta ɗauka. Daga wannan rana maganar cewa gwamnati ce uwar ƙasa ta sami gindin zama a Arewa. Duk dokokin da suka biyo baya a kan wannan harsashi aka ɗora su.

Dokar 1910 da ta 1962

Wanda ya gaji Lugga a 1907, Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ne ɗan Kanada. Shi ya sa aka kafa kwamiti a Landan a 1908 don ya duba yadda za a yi da ƙasar Arewa. Wasu daga cikin jami'an lokacin sun karkata ga ra'ayin wani Ba'amurke, Henry George, mai cewa bai kamata ƙasa ta zama hajar 'yan kasuwa ba, amfaninta na al'umma ne gaba ɗaya. Sakamakon aikin kwamitin shi ne dokar 1910, wadda aka sake fitarwa da gyara a 1916. Ta ce duk ƙasar Arewa, da wadda ake zaune a kai da wadda ba kowa, tana ƙarƙashin ikon gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa, kuma babu wata mallaka da za ta inganta sai da yardarsa. Abin da mutum ke da shi sunansa haƙƙin zama.

Adalci ne mu faɗi alherin wannan doka da kuma illarta. Ta toshe ƙofar da Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka bi suka ƙwace ƙasar noma a Kenya da Rodeshiya da Afirka ta Kudu, inda dokar 1913 ta bar wa baƙar fata kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasarsu. Ba a yi mana haka ba. Amma ta mai da manomin da kakanninsa suka sari daji ya zama, a idon doka, mai zama bisa izinin gwamna. Manomin bai ji a jikinsa ba a lokacin, domin a ƙauye komai ya ci gaba yadda yake, dagaci da hakimi da En'e ne ke rabon gona da sasanta rikici. Takardar shaida ta gwamna kuwa kamfanonin Turawa da mishan da baƙin 'yan kasuwa ne suka fi nemanta.

Bayan samun 'yanci, gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta yi dokar ƙasa ta 1962. Ikon gwamna ya koma hannun minista, aka kuma raba haƙƙin zama gida biyu: wanda gwamnati ke bayarwa da takarda, da na gargajiya wanda En'e ke kula da shi. Dokar ta ce ɗan ƙasa shi ne wanda mahaifinsa ya fito daga wata ƙabila ta Arewa, don haka ko ɗan Najeriya ne daga Kudu ba a mallaka masa fili sai da amincewar minista. A lokacin Keffi tana Lardin Binuwai. Daga nan ta shiga Jihar Binuwai-Filato a 1967, Jihar Filato a 1976, sannan Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996. Wannan yawo yana da tasiri: tsohuwar takardar fili a Keffi tana iya ɗauke da hatimin Kaduna, ko na Jos, ko na Lafiya, kuma mai bincike sai ya bi sawun fayil ɗin.

Abuja ta zo, dokar 1978 ta biyo

Abubuwa biyu ne cikin shekara biyu suka juya al'amarin ƙasa a yankinmu. A watan Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara don sabon babban birnin tarayya. Cikin abin da aka yanka har da garuruwan da ke tsohon yankin Keffi, irin su Karu da Nyanya da Karshi, shi ya sa yau muke da Sabon Karu da Sabon Nyanya da Sabon Karshi a ɓangaren Nasarawa. Gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991. Tsadar haya a birnin, da rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, suka turo dubban mutane Mararaba da Ado da Masaka, turin kuma ya ci gaba har ya iso mu, tun da tsakaninmu da Abuja kilomita hamsin ne da 'yan kai. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga Jami'ar Jihar Nasarawa da aka buɗe a farkon shekarun 2000 zamanin Gwamna Abdullahi Adamu. Duk wanda ya san Angwan Lambu kafin zuwan jami'a ya san abin da ɗakunan ɗalibai suka yi wa farashin fili. Ƙasar da a da ake bayarwa don damin dawa ta zama abin da ya fi komai tsada a gidan talaka.

Na biyu shi ne dokar amfani da ƙasa, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta fitar ranar 29 ga Maris 1978, bayan kwamitin Mai Shari'a Chike Idigbe ya yi nazari. A Kudu dokar ta zo kamar girgizar ƙasa. A wurinmu kuwa tsohuwar dokar Arewa ce aka faɗaɗa ta game ƙasa baki ɗaya. An kuma saka ta cikin tsarin mulki na 1979, aka maimaita a sashe na 315 na tsarin mulkin 1999, don haka gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulki. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, tsohon ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Keffi, ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma har ya rasu a 2010 dokar tana nan yadda take.

Ga abin da ta ƙunsa a taƙaice. Sashe na 1 ya danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Gwamna ne ke ayyana inda ya zama birni, shi ke ba da haƙƙin zama a can, yana kuma iya bayarwa a ko'ina cikin jihar. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama na gargajiya, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Takardar da muke kira C of O shaida ce ta wannan haƙƙi, tana da wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama, ana kuma biyan kuɗin ƙasa duk shekara. Wanda dokar ta tarar da gininsa a birni ko gonarsa a karkara, ana ɗaukarsa kamar an riga an ba shi haƙƙin, ko da ba shi da takarda. Sashe na 21 da na 22 sun ce ba a sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar hukuma, ƙaramar hukuma ga na gargajiya, gwamna ga nasa. Sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ɓatacce ne. Sashe na 36 ma ya hana a yanka tsohuwar gonar karkara fuloti-fuloti a sayar, abin da ake yi kullum a gefen garinmu. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mutum don bukatar jama'a, bayan an ba shi sanarwa, diyya kuma ta gini ce da shuka da aikin da aka zuba, ba ta tsurar ƙasa ba. Ma'adinin da ke ƙarƙashin gona kuwa, tsarin mulki ya ce na gwamnatin tarayya ne.

A lura da abu ɗaya: a duk cikin masu ikon bayarwa da amincewa, dokar ba ta ambaci mai unguwa ko dagaci ko hakimi ba. Sa hannunsu yana da daraja, domin su suka san tarihin wuri, kuma kotu tana sauraron shaidarsu. Amma takardar da suka sa wa hannu shaidar ciniki ce, ba ita ce haƙƙin zaman ba.

Abin da kotuna suka koya mana

Ɗaliban shari'a suna haddace wasu hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, kuma darasin da ke cikinsu bai fi ƙarfin kowa ba.

A shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, kotun ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da cewa fili naka ne: tarihin gado daga wanda ya fara saran wurin, ko ingantattun takardu, ko ayyukan mai abu da aka daɗe ana yi kamar bayar da haya da sayar da wani yanki, ko daɗewa ana riƙe da wurin ana amfani da shi, ko mallakar filin da ke maƙwabtaka ta yadda hankali zai ɗauka duk ɗaya ne. Wato tarihin da kaka ke bayarwa hujja ne a kotu, in an iya jero shi ba giɓi: wa ya sara, wa ya gada, har ya iso kanka.

A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989, wani ya jinginar wa banki gidan da ya mallaka tun kafin 1978 ba tare da amincewar gwamna ba. Kotun ta ce jinginar ɓatacciya ce, domin sharaɗin amincewa ya hau kan tsofaffin masu wuri ma. Banki guda da lauyoyinsa ya yi asara a kan wannan, balle mai sayen fuloti ɗaya.

A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, kotun ta nuna cewa C of O ba ta wanke tushe marar kyau. Idan wanda ya sayar maka ba shi da haƙƙi, ko akwai mai haƙƙin da ba a soke nasa ba, takardar gwamna ba za ta cece ka ba. Wannan hukunci kariya ne ga talakan da aka yi wa takarda a kan gonarsa yana barci, gargaɗi ne kuma ga mai saye.

Game da ƙasar dangi a al'ada, kotuna sun daɗe da tsayar da ƙa'ida: in wasu 'yan gida suka sayar ba da babban gida ba, cinikin bai ƙullu ba sam, in babban gida ya sayar a madadin dangi ba da yardar manyan 'yan gida ba, suna iya zuwa a warware, in ba su yi jinkiri ba. A gadon Musulunci kuwa kowane magaji kasonsa nasa ne, wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙanwarsa don kawai shi ne babba. Ciniki irin na gargajiya, ba takarda, kotu tana karɓarsa in an cika abu uku: an biya kuɗi, a gaban shaidu, an kuma damƙa wurin a gabansu.

Ko kotun da za a je ma sai an sani. Rigimar filin da gwamna ya ba da haƙƙinsa ta Babbar Kotun Jiha ce. Ta haƙƙin gargajiya ana iya kai ta kotun yanki, kuma tun hukuncin Adisa da Oyinwola na shekarar 2000 Babbar Kotu ma tana da hurumin saurara. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci kuwa huruminta gado ne da wasiyya da kyauta da waƙafi da makamantansu, ba kowace rigimar fili ba. Mutane da yawa sun ɓata shekaru, sun yi nasara, daga baya aka rushe hukuncin saboda tun farko ba kotun da ta dace aka je ba.

Abin da ya rage gare mu

Tsarin dattawa ya tsaya ne a kan sanin juna da yalwar daji, yau kuwa duka biyun sun ƙare. Mai sayen fili a Keffi yana iya zama ma'aikaci a Abuja da bai san kowa a unguwar ba, dillali ya karɓi la'adarsa ya yi gaba, dattijon da ya san iyaka kuma shekarunsa sun ja. Maƙwabtanmu na Nijar sun fuskanci irin wannan, suka yi dokar karkara a 1993, wadda ta amince da haƙƙin gargajiya ta kuma kafa kwamitocin ƙasa har matakin ƙauye, masu rubuta shaidar saye da kyauta da aro da jingina. Mu a nan, tun 2012 zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura jiha ta kafa hukumar NAGIS don mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta da fitar da takardu. Ofis yana nan, amma ba zai zo gida ya rubuta mana tarihin gonarmu ba.

Don haka muna ba kanmu shawara. Kowane gida ya zauna da dattawansa tun suna raye, a rubuta yadda kowace gona ta zo, da iyakokinta, da wanda aka ba aro ko jingina, shaidu su sa hannu. A raba gado da wuri, a fitar wa mata da marayu kasonsu a sarari, domin gadon da aka bari shekara talatin ba a raba ba shi ne abincin 'yan damfara, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai saye kada ya biya sai ya tambayi maƙwabtan filin, ya ga dukkan magada ko wakilcinsu a rubuce, ya sa an bincika a ofishin ƙasa ko wurin yana cikin abin da gwamnati ta riga ta ɗauka ko ta ba wani, ya sa safiyo ya auna. Bayan biya kuma a nemi amincewar hukuma, a yi rajista, a kama wurin da wani aiki da ido zai gani. Mu kuma tsare hurumin gari: maƙabarta, filin idi, filin makaranta, burtali da bakin rafi, domin in suka tafi ba sa dawowa.

Abu na ƙarshe shi ne karatu. Muna da tsangayar koyon shari'a a cikin garinmu, inda 'ya'yanmu ke karanta dokar ƙasa a shekararsu ta huɗu. Mai Martaba Sarkin Keffi, Dakta Shehu Chindo Yamusa III, kansa malamin shari'a ne a wannan jami'a kafin ya hau gadon sarauta a ƙarshen 2015. Muna da alƙalai da malaman fiƙihu da suka san hauzi da shuf'a da rabon gado, muna da dattawan kowace ƙabila da suka san al'adarsu. Ba abin da zai hana ƙungiyoyinmu su riƙa haɗa su wuri ɗaya lokaci-lokaci, a yi wa jama'a bayani da Hausa da sauran harsunanmu, a unguwa-unguwa, mata ma a ware musu nasu zaman. Muna kira ga lauyoyi da ɗaliban shari'a 'yan wannan gari da su ba da ko da yini ɗaya a wata don wannan aiki, masu unguwanni kuma su buɗe littafin da za a riƙa shigar da duk cinikin da aka yi a gabansu, da kwanan wata da sunayen shaidu.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya tsare mu daga cin haƙƙin wani ko da taki ɗaya ne, ya jiƙan magabatanmu da suka sari dajin da muke zaune a kai.